Gajiyar Ƙarfe: Abin da Ke Karya Karanshaf Ba Tare da Sallama Ba

A ranar 12 ga Agusta, 1983, ana tsakiyar gwajin wani injin dizal a tashar nukiliya ta Shoreham da ke Long Island a jihar New York ta Amurka, sai karanshaf ɗinsa ya rabe gida biyu. Tashar ba ta ma fara aiki ba tukuna. Injin ɗaya ne daga cikin uku na ko-ta-kwana, ƙirar kamfanin Transamerica Delaval, kowanne mai silinda takwas da ƙarfin kilowat 3,500, waɗanda aka girka domin su ba famfunan sanyaya tukunyar nukiliya wuta duk ranar da lantarkin waje ya ɗauke. Da aka kwance sauran biyun, sai aka tarar da tsaga a karanshaf ɗin kowannensu. Ashe su ma suna kan hanya.

Kaurin wurin da ya karye inci 11 ne, kusan santimita 28. Sandar ƙarfe mai irin wannan kauri, da za a rataya mata kaya, sai ta ɗauki dubban tan kafin ta tsinke. Babu abin da ke cikin injin nan da ya kai ko kusa da wannan nauyi, amma ta karye. Abin da ya karya ta shi ne dai abin da ke karya karanshaf ɗin tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, da na janaretan asibiti, da na injin niƙa a ƙauye. Injiniyoyi suna kiransa gajiyar ƙarfe, kuma sun shafe fiye da shekara 180 suna koyon yadda za su auna shi.

Aikin da aka ɗora masa

Fistin sama da ƙasa kawai ya iya, alhali taya da kan janareta juyi suke buƙata. Karanshaf ne ke shiga tsakani, yana mayar da wannan kai-da-komo ya zama juyawa. Dabarar tsohuwa ce: Isma'ila al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir, ya zana na'urorin ɗaga ruwa masu aiki da irin wannan hannu mai juyi a littafin da ya kammala a 1206. Abin da ya sauya daga wancan zamani zuwa yau shi ne girman ƙarfin da ake sauke wa ƙarfen.

Siffarsa kamar sandar da aka tanƙwara sau da yawa ce. Yana da manyan wuyoyi da ke zaune a kan metal a tsakiyar bulok, suna juyawa a wuri ɗaya. Yana da ƙananan wuyoyi da suka goce daga tsakiya, inda kwanrod ke kamawa. Sannan akwai kafaɗu, wato faffaɗan ƙarfen da ke haɗa babban wuya da ƙarami. A cikin jikinsa kuma an huda 'yan ramuka da baƙin mai ke bi ya kai ga kowane metal.

Injin fetur tartsatsin fulogi yake jira. Injin dizal kuwa, wanda Rudolf Diesel ya nuna yana aiki a Augsburg a 1897, matse iska yake yi ninki 15 zuwa 20 har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Wannan ne sirrin tsimin mansa, kuma shi ne tushen wahalar karanshaf ɗinsa. A babban injin dizal na zamani, matsin da ke cikin silinda a lokacin da man ya kama yakan kai bar 180, wani lokaci ya wuce. A ɗauki fistin mai faɗin milimita 130, irin na manyan motoci. Idan aka lissafa wannan matsi a kan faɗin kansa, ƙarfin da ke dannowa ƙasa ya kai kimanin tan 24, wato nauyin buhun siminti 480. Duk wannan yana sauka ne a kan ƙaramin wuya guda, cikin wani ɗan yanki na daƙiƙa, ya ɗauke, ya sake dawowa.

Yawan dawowar ita ce maganar. Lantarkin Nijeriya da Nijar mai bugu 50 ne a daƙiƙa, saboda haka yawancin manyan janaretoci suna juyi 1,500 a minti. A inji mai zango huɗu, kowace silinda tana kamawa sau ɗaya a juyi biyu: sau 750 a minti, sau 45,000 a sa'a. Cikin sa'o'i 222 kacal, kwana tara da 'yan sa'o'i na aiki ba tsayawa, kowane ƙaramin wuya ya sha duka sau miliyan 10. Janaretan da ya yi sa'o'i 20,000 a bakin aiki ya kai miliyan 900.

Yadda aka gane ƙarfe yana gajiya

Duk yaron da ya taɓa ƙera motar waya ya san cewa wayar da ba ta tsinkuwa da ja tana karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Injiniyoyin Turai sai da aka yi asarar rayuka kafin su ɗauki wannan da muhimmanci. A ranar 8 ga Mayu, 1842, jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris ya yi hatsari a Meudon bayan sandar tayoyin kan jirgin gaba ta karye. Taragon fasinja a kulle suke, wuta ta kama, aƙalla mutum 55 suka mutu. A shekarar da ta biyo baya, injiniyan Sikotland William Rankine ya yi nazarin karyayyun sandunan tayoyin jiragen ƙasa, ya lura cewa tsagar tana farawa ne daga inda kaurin sandar ya sauya farat ɗaya, a kusurwa mai kaifi, sannan ta riƙa ci a hankali.

Mutane da yawa ba su saurare shi ba. Abin da aka fi yarda da shi a lokacin shi ne wai girgiza tana sauya halittar ƙarfe, ta mayar da shi mai gautsi kamar gishiri. Wanda ya kawo hujjar da ba ta tankwaɓuwa shi ne August Wöhler, injiniyan jiragen ƙasa na Jamus, wanda ya ƙera na'urorin da ke juya sandar ƙarfe alhali an rataya mata nauyi, yana ƙirga juyin har ta karye. Ya yi shekaru yana wannan aiki, ya tattara sakamakonsa a 1870. Abu biyu ya tabbatar. Na farko, nauyin da ke zuwa yana komawa zai iya karya ƙarfe ko da bai kai rabin wanda zai karya shi a tashi ɗaya ba, kuma tazarar da ke tsakanin hawa da saukar nauyin ita ce ta fi yin ɓarna. Na biyu, ga baƙin ƙarfe akwai wani mataki wanda idan aka tsaya ƙasa da shi, sandar kan jure miliyoyin juyi ba ta karye ba. Wannan mataki shi ake kira iyakar juriya. A ƙarfen da aka goge sumul a ɗakin gwaji, yakan kasance kusan rabin ƙarfin tsinkewarsa. A ainihin kayan inji yakan yi ƙasa da haka sosai.

A 1903 ne Ewing da Humfrey suka duba abin ta madubin ƙara girma a Ingila, suka ga yadda yake faruwa. Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne. A kowane zagaye, wasu ƙwayoyin da ke saman fatar ƙarfen suna ɗan zamewa a kan juna, zamewar da ba ta komawa daidai yadda take. Yau da gobe, wurin ya zama ɗan kurji, kurjin ya zama tsaga. Daga nan tsagar tana buɗewa tana rufewa tare da kowane bugu, tana cin gaba da ɗan abin da ido ba ya gani, har ranar da ƙarfen da ya rage bai isa ya riƙe ko bugu ɗaya ba. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ita ta sa allura ginin rijiya.

Akwai wani abu mai ban tsoro a layin da Wöhler ya gano: ba ya tafiya ɗaya bisa ɗaya. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan nauyi ba ya nufin ragin kashi 10 na rayuwar ƙarfe. A ƙarafa da yawa yana iya cinye rabinta. Kuma ɓarnar taruwa take yi. Palmgren a 1924 da Miner a 1945 sun tsara ƙa'idar da ake amfani da ita har yau, wadda ke cewa kowane zagayen da ya haura iyaka yana cire wani kaso daga rayuwar ƙarfen, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Sunan gajiya yana ɗan yaudara a nan, domin mutum idan ya gaji ya huta sai ya warware. Ƙarfe ba ya warwarewa. Injin da aka wahalar a bara, aka ajiye shi wata shida, yana ɗauke da bashin bara a jikinsa.

Inda wuya ya haɗu da kafaɗa

Abin da injiniya ke aunawa shi ne takura, wato rabon ƙarfin da ya faɗa wa kowane ɗan yanki na ƙarfen. Takura tana gudana a cikin ƙarfe kamar ruwa a magudana. Inda hanya take a miƙe, tana bazuwa daidai wa daida. Inda hanya ta karya kwana ko ta ci karo da rami, sai ta yi cunkoso. A 1898 Ernst Kirsch ya nuna da lissafi cewa ɗan ƙaramin rami mai zagaye a faffaɗan ƙarfen da ake ja yana ninka takurar da ke bakinsa sau uku. A 1913 Charles Inglis ya ƙara da cewa gwargwadon tsinin rami ko kusurwa, gwargwadon ninkin. Irin wannan cunkoso a kusurwar wata taga ne ya taimaka wajen tarwatsa jiragen sama na Comet guda biyu a 1954.

Karanshaf kuwa kusurwoyi ne daga farko har ƙarshe. Shi ya sa mai ƙera shi ba ya barin wuya ya haɗu da kafaɗa a kusurwa mai kaifi. Yakan yi wata 'yar kwana mai santsi, wadda faɗin lanƙwasarta 'yan milimitoci ne kawai, domin takura ta sami hanyar karya kwana a hankali. Duk da haka, takurar da ke cikin wannan 'yar kwana takan ninka ta tsakiyar wuyan sau biyu zuwa huɗu. Wanda ya ɗauki karanshaf mai nauyin kilo ɗari a hannu zai zaci ƙarfinsa yana cikin kaurinsa. A haƙiƙa rayuwarsa tana rataye ne a waɗannan 'yan kwanoni da farce zai iya shafawa, da kuma bakin ramukan baƙin mai.

Nauyi iri biyu ne ke haɗuwa a wuraren nan. Akwai lanƙwasa: idan fistin ya danno, ƙaramin wuya yana son ya yi ƙasa alhali manyan wuyoyi biyu na gefensa suna riƙe, sai kafaɗun su ɗan buɗe su ɗan rufe. Akwai kuma murɗa: silindu suna tura sandar ta juya, kaya kuma yana riƙe ta daga ƙarshen filawil, kamar mai matse wanki. Kowanne yana barin sa hannunsa a jikin karyayyen ƙarfe. Tsagar lanƙwasa takan fara daga 'yar kwana ta ratsa cikin kafaɗa. Tsagar murɗa takan tafi a karkace, kusan digiri 45 da tsawon sandar, sau da yawa daga bakin ramin mai. Fuskar karayar kuma kashi biyu ce: wani ɓangare mai santsi da layuka masu lanƙwasa, kamar sawun da ruwa ke bari a kan yashin rafi, wanda ke nuna inda tsagar ta yi ta tsayawa tana ci gaba, sai wani ɓangare mai kaushi, wanda ya tsinke a daƙiƙar ƙarshe. Idan aka bi layukan baya, za su kai mutum daidai wurin da cutar ta fara. Idan ɓangaren mai santsi ya fi yawa, alama ce cewa nauyin bai yi tsanani ba, tsagar ta daɗe tana tafiya, kuma da an duba da an kama ta.

Girgizar da ba a gani

Murɗa tana da wata fuska da ta fi wuyar ganewa. Karanshaf, duk kaurinsa, yana da ɗan sassauci irin na sifirin. Idan aka murɗa shi aka saki, yakan ɗan kaɗa gaba da baya da wani sauri na kansa, wanda tsawonsa da kaurinsa da nauyin abubuwan da ke maƙale da shi suka ƙayyade. Silindu kuma ba sa turawa a jere sumul, bugu-bugu suke yi. Inji mai silinda shida yana bugu uku a kowane juyi, wato sau 75 a daƙiƙa idan yana juyi 1,500 a minti, kuma kowane bugu yana tafe da 'yan rakiya masu ninkin wannan sauri.

Mai tura yaro a lilo ba ya buƙatar ƙarfi da yawa, lokaci kawai yake buƙatar ya dace. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bugu ya dace da saurin kaɗawar karanshaf, kowane turi yana hawa kan na baya, sai murɗar ta ninka wadda lissafin nauyi kaɗai zai nuna. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne ba a jinsa sosai a jikin inji. Bulok na iya zama lafiya lau alhali sandar da ke cikinsa tana murɗuwa tana warwarewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Saboda wannan ne a kan agogon juyin injin manyan jiragen ruwa da yawa ake shata wani yanki da ja, a haramta wa matuƙi zama a cikinsa. Sai dai ya ratsa shi da sauri. Saboda shi ne kuma ake ɗaura damfa a gaban karanshaf ɗin manyan motoci da janaretoci, wani zoben ƙarfe mai nauyi da ke zaune a kan roba ko a cikin wani ruwan silikon mai kauri, wanda ke shanye kaɗawar ya mayar da ita zafi.

Wannan ce cutar da aka gano a Shoreham. Kamfanin binciken Failure Analysis Associates ya yi nazarin karayar, aka manna na'urorin auna miƙewar ƙarfe a karanshaf ɗin ɗaya daga cikin injinan da suka rage aka tayar da shi. Sakamakon ya nuna cewa takurar murɗa ta fi ƙarfin ƙirar, kuma daga 'yan kwanonin ƙananan wuyoyi ne tsagar ta faro. Laifin yana cikin zanen tun daga tushe, shi ya sa ya bayyana a injina uku gaba ɗaya. Aka sauya su da sababbin karanshaf masu ƙaramin wuya na inci 12. Inci ɗaya kamar ba komai ba ne, sai dai juriyar sanda ga murɗa tana ƙaruwa ne da kaurinta ninki uku a kan kansa, saboda haka tashi daga 11 zuwa 12 ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 ne. Ko da hakan, sai da aka yi wa ɗaya daga cikin injinan gwajin juriya na sama da sa'o'i 700. Adadin ba na ganin dama ba ne: a juyi 450 a minti, kowace silinda tana kamawa sau 13,500 a sa'a, kuma ana buƙatar kimanin sa'o'i 740 kafin a cika zagaye miliyan 10, inda bisa al'ada ake ɗauka cewa ƙarfe ya tsallake siraɗi.

Binciken da aka yi daga baya, musamman na Claude Bathias a Faransa da na masana a Japan, ya nuna cewa ko wannan tsallakewar ba ta har abada ba ce. Ƙarfe mai tauri yana iya tsagewa bayan ɗaruruwan miliyoyin zagaye, tsagar ta faro daga ciki, daga wani ɗan datti da ya maƙale tun ranar narka shi. Tsabtar ƙarfen da aka yi karanshaf da shi tana cikin lissafin rayuwarsa, kuma wannan ba abu ne da mai saye zai gani da ido a kasuwa ba.

Lissafi da kariya

Mai zana karanshaf a yau yana farawa ne da matsin silinda a kowane digiri na juyi, ya haɗa da ƙarfin fizgar fistin da kwanrod, ya fitar da lanƙwasa da murɗar da ke kan kowane sashe. Daga nan sai kwamfuta ta yanka siffar karanshaf ɗin zuwa dubban ɗaruruwan ƙananan gunduwoyi, ta lissafa takurar kowace gunduwa, tare da ƙanƙanta su sosai a 'yan kwanoni da bakin ramukan mai. Ana yin wani lissafin daban na girgizar murɗa, wanda ya haɗa da filawil da damfa da duk abin da injin ke ja. Bayan haka a koma ɗakin gwaji, a yanko sashe ɗaya na ainihin karanshaf a yi ta girgiza shi har ya tsage, a ga ko ƙarfe ya gaskata kwamfuta.

Ga injinan jiragen ruwa, ƙungiyar hukumomin tantance lafiyar jirage ta duniya, IACS, tana da ƙa'ida mai lamba M53. Wurare uku ta ce a duba: 'yar kwanar ƙaramin wuya, 'yar kwanar babban wuya, da bakin ramin mai. A kowanne ana haɗa takurar lanƙwasa da ta murɗa su zama adadi ɗaya, a raba juriyar ƙarfen da wannan adadi, kuma dole amsar ta kai 1.15. Rarar da ƙa'idar ta wajabta ke nan: kashi 15 cikin 100. Ba a yin rara mai yawa domin kowane ƙarin kauri ƙarin nauyi ne da kuɗi da shan mai. Karanshaf ɗin injin RT-flex96C mai silinda 14, irin wanda ke tuƙa jirgin dakon kaya Emma Maersk, ya riga ya kai kimanin tan 300.

Tun da ba za a yi ta ƙara kauri ba, sai aka koma ga dabarun ƙarfafa fata. Ta farko maƙeran gargajiya sun san ta: ƙarfen da aka ƙera da duka ya fi wanda aka zuba ƙwari, domin zaren cikinsa yana bin siffar abin, kamar yadda zaren itace ke bin reshe. Shi ya sa karanshaf ɗin manyan injinan dizal galibi ƙerarre ne. Sauran dabarun sun dogara ne a kan abin da Gerber a 1874 da Goodman a 1899 suka fayyace, cewa ƙarfen da ke cikin ja yana saurin gajiya, wanda ke cikin matsi kuma yana daɗewa, domin tsaga ba ta iya buɗe baki inda ake danne ta. Don haka ake danna 'yan kwanonin da wasu ƙananan tayoyin ƙarfe masu tsananin ƙarfi, ko a gasa fatar wuyan da wutar lantarki a sanyaya ta nan take, ko a turara karanshaf ɗin a iskar naitirojin a zafin digiri 500 da ɗoriya. Kowace hanya tana barin fatar a matse. Wannan kariya siririya ce: 'yan milimitoci a wadda aka gasa, ƙasa da milimita ɗaya a wadda aka turara.

Abin da ke faruwa a gareji

A nan ne maganar ta iso gida. Tattalin arzikin Arewa yana tafiya a kan dizal: tireloli da tankoki, janaretocin asibitoci da masana'antu da turakun sadarwa, taraktoci da injinan niƙa. Yawancin waɗannan injina na hannu ne, sun riga sun ci wani ɓangare na rayuwarsu a wata ƙasa, kuma agogon gajiyarsu ba ya nunawa a ko'ina. Kanikawa da masu injin yankan ƙarfe, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, su ne ke riƙe da su a raye, da ƙwarewar da ba a yaba mata yadda ya kamata. Sai dai akwai wuraren da ido da hannu ba sa isa.

Idan inji ya buga, akan kai karanshaf a yanke shi, a rage wuyan da milimita 0.25 ko 0.50, a saka metal mai kauri. Wannan aiki halal ne, masu ƙera injina da kansu suna sayar da irin wannan metal. Ragin kaurin ma ba shi ne abin tsoro ba: cire milimita 0.25 daga wuya mai milimita 80 bai rage ƙarfinsa da ko kashi 1 cikin 100 ba. Haɗarin yana ga 'yar kwana. Idan ba a gyara gefen dutsen wasawa ya dace da lanƙwasar asali ba, sai ya bar kusurwa mai kaifi ko ɗan mataki, cunkoson takura ya haura, kuma wannan kaɗai ya isa ya cinye duk rarar da mai zane ya bari. Idan aka yi gaggawa ko ruwan sanyaya ya yi kaɗan, dutsen yana ƙona fatar, ya mayar da matsin da ke kare ta ya zama ja. Idan karanshaf ɗin turararre ne, yankan na iya kwashe kariyar ɗungurungum, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa sai an sake turara shi ko a sauya shi. Wuyan zai fito yana ƙyalli, awonsa daidai, injin ya tashi lafiya, bayan wata uku ya karye a kan hanya, a ɗora laifin a kan direba.

Cika wuya da walda ya fi wannan muni idan ba a bi shi da gashin da ya dace ba, domin yana barin ja da ƙananan ramuka daidai inda ba a son su. Miƙe karanshaf da ya lanƙwashe da ƙarfin jak yana iya haifar da tsagar da ba a gani a 'yar kwana. Damfar da robarta ta bushe, ko wadda gwangwaninta ya lotse, ko wadda aka maye gurbinta da fulin ƙarfe zalla saboda ya fi araha, ta bar sandar tsirara a gaban girgiza. Buɗe famfon mai don mota ta ƙara ja, ko gaggauta lokacin feshin man, yana ɗaga matsin silinda sama da wanda aka yi lissafi da shi. Nozul ɗaya da ya mutu yana ɓata daidaiton bugun silindu, ya tayar da girgizar da a da take kwance. Janaretan da aka girka a kan daɓen da ya nutse, ko wanda kansa bai yi saiti da inji ba, yana lanƙwasa karanshaf a kowane juyi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke karya ƙarfe a ranar da aka yi shi, kuma wannan jinkiri ne ke sa ba a haɗa sababi da sakamako.

Wanda ke sa hannu a takardar gyara, ko shugaban asibiti ne ko mai motocin haya, ba sai ya zama injiniya ba kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Shin an gwada karanshaf ɗin don neman tsaga kafin a yanke shi da bayan an yanke? Gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, ko na jan ruwa mai shiga tsaga, ba ya cin lokaci, kuma kuɗinsa bai kai komai ba idan aka kwatanta da na bulok ɗin da karyayyen karanshaf zai fasa. Shin an auna 'yar kwana da ma'auninta, an gwada da abin da littafin injin ya ce? Yaushe aka sauya damfa? A manyan janaretoci, shin ana auna buɗewar kafaɗu da agogon awo lokaci-lokaci ana rubutawa, domin a ga ranar da saiti ya fara gocewa? Wa ya taɓa famfon mai, kuma da izinin wa?

Idan kuma mai afkuwa ta afku, kada a yi saurin sayar da gutsattsarin ga 'yan gwangwan, kada kuma a haɗa fuskokin karayar ana goga su don a ga yadda suka dace, domin hakan yana share rubutun. A shafa musu mai, a nannaɗe, a kai wa wanda ya iya karatu. Layukan da ke jiki za su nuna ko daga 'yar kwana tsagar ta taso ko daga ramin mai, ko lanƙwasa ce ko murɗa, ko ta daɗe ko sabuwa ce. Wanda ya saka sabon karanshaf ba tare da ya san abin da ya kashe tsohon ba, ya mayar da shi ne cikin inji ɗaya, da damfa ɗaya, da saiti ɗaya, kuma ƙirgar ta fara daga bugun farko.